RUMBUN LANTARKI: BAYANI A KAN ADANA WUTA CIKIN MANYAN BATURA DA MUHIMMANCINSA GA ƘASAR GUMEL

GABATARWA

Tun fil azal Bahaushe ya san cewa lokacin samun abinci daban, lokacin buƙatarsa kuma daban. Damina wata uku ce ko huɗu, amma ciki ba ya hutu duk tsawon shekara. Wannan shi ya sa manomi ya ƙago rumbu, domin abin da aka girbe da kaka ya kai iyali har wata kakar. Matsalar da rumbu ya warware wa manomi, ita ce a yau take damun masu samar da wutar lantarki, musamman wadda ake samu daga hasken rana. Ana samunta a yalwace da tsakar rana, alhali kuwa an fi buƙatarta bayan magariba, sa'ad da rana ta riga ta faɗi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a yi bayanin yadda ake adana wutar lantarki mai yawa cikin manyan batura, irin waɗanda ake jonawa da babban layin wuta na ƙasa, sa'an nan a duba matakan da ake bi kafin a kafa su. An zaɓi ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na Jihar Jigawa, don ta zama abin misali. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, rumbu ba ya noma. Darajarsa tana rataye ne ga abin da za a zuba masa, da kuma wanda zai riƙe shi amana.

BATUN SUNA

Kalmar batir ba baƙuwa ba ce a Hausa. An aro ta daga Turanci tun zamanin da tocila da akwatin rediyo suka shigo ƙasar nan, ta kuma zauna daram, har ta sami jam'inta, batura. Sai dai idan aka ce batir, abin da kan zo wa mai sauraro a rai shi ne na tocila ko na mota ko na wayar hannu. Abin da ake magana a kansa a nan kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba, domin tasha ce sukutum, wadda za ta iya riƙe gari guda na tsawon sa'o'i. Saboda haka a wannan maƙala za a riƙa kiran irin wannan tasha da sunan rumbun lantarki. Dalili kuwa shi ne, aikinta bai bambanta da na rumbun hatsi ba: ana zuba mata lokacin wadata, ana ɗiba lokacin rashi, kuma ba ta iya ba da abin da ba a zuba mata ba.

HALIN WUTAR LANTARKI

Kafin a shiga batun rumbun gadan-gadan, ya kamata a fahimci wani hali na wutar lantarki wanda ya raba ta da sauran kayan masarufi. Ruwan famfo yana iya kwana a cikin tanki, man fetur yana iya daɗewa a cikin jarka, amma wutar da ke bin waya ba ta jira. A daƙiƙar da aka samar da ita, a wannan daƙiƙar ake shanye ta. Ke nan dole abin da tashoshi ke samarwa ya yi daidai da abin da jama'a ke ja a kowane lokaci, kamar dai sikelin da ba a yarda ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya ba.

Ma'aunin da ke nuna wannan daidaito shi ne bugun wutar. Wutar da ke bin layin ƙasa tana kai da komo ne, kuma a Nijeriya an tsara ta yi haka sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan ja ya fi samarwa, sai bugun ya sauka. Idan samarwa ta fi ja, sai ya hau. Da zarar ya kauce da yawa, injinan tashoshi sukan kashe kansu da kansu don gudun lalacewa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa duka ta faɗa cikin duhu. Wannan shi ne abin da ake kira durƙushewar babban layi, wanda ya auku fiye da sau goma a Nijeriya cikin shekarar 2024 kaɗai.

Daga nan za a ga cewa rumbun lantarki yana da aiki iri biyu. Na farko shi ne ɗaukar wutar rana a kai ta dare. Na biyu kuwa shi ne tallafar layi a lokacin da ya yi tangal-tangal, domin batir yana iya sakin wuta ko shanye ta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, abin da injin ruwa ko na iskar gas ba zai iya ba.

YADDA RUMBUN KE AIKI

Batir ba wuta yake tarawa ba kamar yadda tulu ke tara ruwa. Abin da ke faruwa shi ne, wutar da aka tura masa tana sauya zaman sinadaran da ke cikinsa, idan kuma aka buƙace ta sai sinadaran su koma yadda suke, su sako ta. Wani masani ɗan Italiya mai suna Alessandro Volta shi ya fara haɗa batir a 1800. A 1859 Gaston Planté na Faransa ya ƙago batirin dalma da ruwan batir, wanda ake iya sake cikawa, irin wanda har yau yake cikin motoci. Batirin litiyam kuwa, wanda ke cikin wayoyin hannu, kamfanin Sony ne ya fara fito da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka share fagensa kyautar Nobel, watau John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Da irin wannan batir ake gina mafi yawan rumbunan lantarki na yau. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne faɗuwar farashinsa da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023, sakamakon yawan ƙera shi domin motoci masu amfani da lantarki.

Ana harhaɗa dubban ƙananan batura a jera su kan kantoci, a sanya kantocin cikin kwantena irin ta dakon kaya, tare da na'urar sanyaya wuri da ta kashe gobara da kwamfutar da ke lura da zafin kowane batir. Da yake wutar batir miƙe take tafiya ba ta kai da komo, sai an bi da ita ta cikin inbata ta juya ta zuwa irin ta layi, sa'an nan taransifoma ta ɗaga ƙarfinta.

Akwai ma'auni biyu da ya wajaba mai karatu ya rarrabe, domin yawancin ruɗanin da ake samu a labaran irin waɗannan ayyuka daga nan yake tasowa. Na farko shi ne megawat, wanda ke nuna yawan wutar da rumbu zai iya saki a lokaci guda. Wannan shi ne faɗin bakin rumbu. Na biyu shi ne megawat-awa, wanda ke nuna jimlar abin da ya ƙunsa. Wannan shi ne zurfin cikinsa. Rumbun da ke da baki megawat 10 da ciki megawat-awa 40 zai yi awa huɗu yana ba da wuta da iyakar ƙarfinsa kafin ya ƙare. Har ila yau, kamar yadda damin da aka zuba a rumbu ba ya fitowa cif saboda ɓera da gara, haka wutar da aka adana takan ragu. Daga kowane kashi 100 da aka zuba, abin da ake samu bai wuce kashi 85 zuwa 90 ba, sauran ya tafi a zafi.

INDA AKA GWADA

Rumbun da ya fara jawo hankalin duniya shi ne na Hornsdale a Jihar Ostareliya ta Kudu. A watan Satumba na 2016 guguwa ta karya turakun wuta, jihar duka ta kwana cikin duhu. Wannan ya sa hukuma ta nemi mafita, kuma a watan Disamba na 2017 aka buɗe rumbun, wanda kamfanin Tesla ya haɗa wa kamfanin Neoen na Faransa, mai baki megawat 100 da ciki megawat-awa 129, kusa da wata tashar samar da wuta daga iska. Ba a yi wata guda ba sai wani babban injin kwal ya mutu ba zato a jihar da ke maƙwabtaka da su, rumbun kuwa ya saki wuta nan take don tallafar layin. A 2020 aka faɗaɗa shi zuwa megawat 150.

A nahiyar Afirka ma an soma. A 2022 ƙasar Malawi ta buɗe tashar hasken rana ta Golomoti mai megawat 20, haɗe da rumbu mai baki megawat 5 da ciki megawat-awa 10. A Afirka ta Kudu, hukumar lantarki ta Eskom ta buɗe rumbun Hex a 2023, mai megawat 20 da megawat-awa 100. A ƙarshen wannan shekarar kuma tashar Kenhardt ta kamfanin Scatec ta fara aiki, kuma tana da darasi babba. Alkawarin da ta ɗauka shi ne ba da megawat 150 daga ƙarfe biyar na asuba zuwa tara da rabi na dare, amma kafin ta iya cika wannan alkawari sai da aka shimfiɗa faifan sola na megawat 540, aka kuma gina rumbu mai ciki megawat-awa 1,140. Watau gonar ta ninka alkawarin fiye da sau uku.

A nan gida, misali mafi kusa da Gumel shi ne na Jami'ar Bayero ta Kano. A watan Satumba na 2019 aka ƙaddamar da tashar da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta gina wa jami'ar, wadda ta ƙunshi faifan sola na megawat 3.5 da batura masu ciki megawat-awa 8.1 da kuma janaretocin ko-ta-kwana. An gina ta ne don jami'ar kaɗai, ba don babban layi ba. A watan Janairu na 2023 kuma aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso, wadda aka yi don ta zuba wa layi wuta da rana. A 2025 Bankin Raya Afirka ya ba da tallafin dala miliyan 1.2 domin Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Ƙasa ya binciki yiwuwar kafa manyan rumbuna a kan layinsa. Ashe ke nan batun ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofa.

ƘASAR GUMEL DA WUTARTA

Ƙasar Gumel tana can ƙuryar arewacin Jihar Jigawa, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce mai rairayi da ƙarancin ruwan sama, wadda ta shahara wajen noman gero da wake da riɗi, ga kuma kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci kowace Alhamis, inda fatake ke haɗuwa daga ƙasashen biyu. A Maigatari ɗin kuma akwai yankin ciniki marar shinge da aka keɓe domin masana'antu.

Wutar da ke isa wannan ƙasa kuwa daga nesa take tahowa. Madatsun ruwan da ke samar da ita, irin su Kainji da aka gama a 1968 da Shiroro da ya fara aiki a 1990, duk suna Jihar Neja, tashoshin iskar gas kuma yawancinsu suna kudancin ƙasar nan. Sai wutar ta bi babban layi ta Kaduna ta iso Kumbotso a Kano, sa'an nan ta bi ƙananan layuka zuwa Jigawa. Akwai tashar rage ƙarfin wuta a Gagarawa, wadda ke sauko da ita daga kilobol 132 zuwa 33, daga nan kuma rarraba ta ga gidaje da shaguna yana hannun kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi jihohin Kano da Katsina da Jigawa a 2013. Wanda ke ƙarshen layi, kamar wanda gonarsa ke ƙarshen lambatu ne: shi ne na ƙarshen samu, shi ne kuma na farkon rashi.

An ga haka ƙuru-ƙuru a watan Oktoba na 2024. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma ranar 21 ga watan ɗaya layin da ke kawo wuta ta Binuwai ya sami matsala. Yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wuta. Masu walda da masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka koma ga janareta, a daidai lokacin da man fetur ya yi tsada tun bayan janye tallafinsa a watan Mayu na 2023. Wanda bai da halin sayen mai, sai ya rufe shago.

Abin mamaki shi ne, wannan ƙasa da ke jiran wuta daga ɗaruruwan kilomita tana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Nijeriya. Dukiyar tana sauka a kan rairayinta kullum. Abin da ya rage shi ne gona da rumbu.

MATAKAN KAFA RUMBUN LANTARKI

Mataki na farko shi ne lissafi. Magidanci ba ya gina rumbu sai ya san yawan bakunan da ke gidansa. Haka nan sai an auna wutar da gari ke ja sa'a bayan sa'a, rani da damina. A ɗauka, don misali kawai, ana son a ba wani yanki megawat 10 daga ƙarfe shida na yamma zuwa goma na dare. Abin da za a ɗiba shi ne megawat-awa 40. Idan aka sa asarar da aka ambata a baya, sai an zuba kimanin 46 kafin a sami 40. Da yake kuma ba a tatse batir ƙarƙaf don kada ya mutu da wuri, cikin rumbun sai ya ɗara abin da za a ɗiba. Kwantena ɗaya ta zamani takan ɗauki megawat-awa huɗu zuwa biyar, ke nan ana maganar kwantena goma zuwa goma sha biyu.

Mataki na biyu, wanda kuma shi ne ƙashin bayan al'amarin, shi ne sanin abin da zai cika rumbun. Idan aka ce daga babban layi za a cika shi, to layin da bai ƙoshi da kansa ba, me zai rage? Wutar da ake rabawa Nijeriya duka ta daɗe tana kai da kawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 ga jama'a fiye da miliyan 200. Rumbun da ya dogara ga layi kaɗai zai iya taimakawa wajen daidaita bugun wuta, amma da an yi irin ɗaukewar Oktoban 2024, a daren farko zai ƙare, ya zauna wayam sauran kwanakin. Saboda haka a wuri irin Gumel dole a haɗa shi da tashar hasken rana. A wannan yanki faifan sola na megawat ɗaya yakan ba da megawat-awa huɗu da rabi zuwa biyar a yini. Ke nan cika rumbun da ke cikin misalin zai cinye duk abin da tasha mai megawat 10 ta samar, ba tare da an ba kowa wuta da rana ba. In ana son ta rana ma, sai a ƙara gonar. Bugu da ƙari, sai an zaɓi irin inbatar da ke iya tsayar da bugun wuta da kanta, domin inbata ta yau da kullum takan mutu ne da zarar babban layi ya mutu.

Mataki na uku shi ne wuri. Ana son rumbu ya kasance kusa da tashar rage ƙarfin wuta, domin jan sabon layi mai nisa yana da tsada. Ta wannan fuska kewayen Gagarawa yana da fifiko. Rumbun kansa ba ya cin fili, domin kwantena goma sha biyu da na'urorinsu ba za su cika hekta ɗaya ba. Faifan sola su ne masu ci, kimanin hekta biyu ga kowane megawat. Fili kuwa a ƙasar manoma da makiyaya ba abin wasa ba ne. Mutanen Gagarawa ba su manta da taƙaddamar da ta taso tun daga 2016 ba, sa'ad da aka keɓe dubban hektoci domin noman rake, manoma da yawa suka ƙi amincewa. Duk aikin da bai zauna da masu gonaki da masu unguwanni da dagatai da hakimai ba tun daga farko, bai kuma kiyaye burtali da mashaya ba, ya ɗauko wa kansa rigima.

Mataki na huɗu shi ne izinin hukuma. Akwai binciken tasirin aikin ga muhalli, akwai lasisin hukumar da ke kula da harkar lantarki, akwai kuma yarjejeniyar jonawa da layi. A nan an sami sauyi mai muhimmanci, domin gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki ta watan Yuni na wannan shekarar sun ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Jiha ba ta da sauran hujjar zuba wa Abuja ido a kan komai.

Mataki na biyar shi ne kuɗi, kuma a nan ne ayyuka da yawa suka kwanta dama. Kusan duk kuɗin rumbu a farko ake kashe shi, da kuɗin waje, alhali abin da zai dawo da naira zai dawo, kaɗan-kaɗan cikin shekaru goma sha biyar ko ashirin. Babu bankin da zai ba da rance sai ya ga takardar wanda ya yi alkawarin sayen wutar, ya kuma tabbata mai alkawarin zai iya biya. Jigawa ta ɗanɗana wannan. A watan Yuli na 2016 kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a sari ya sa hannu da kamfanoni 14 don gina tashoshin hasken rana na jimlar megawat 1,125, biyu daga cikinsu a Jigawa, ɗaya mai megawat 80 ɗaya mai 50. Aka yi ta ja-in-ja a kan farashi da kuma lamunin da gwamnati za ta tsaya wa masu zuba jari, shekaru suka shuɗe ba a gina su ba. Rana ba ta gaza ba, fasaha ba ta gaza ba. Abin da aka rasa shi ne tabbacin biya.

Mataki na shida shi ne kulawa bayan gini. Batirin litiyam ya fi son yanayi mai kimanin digiri 25, alhali a bazara zafin Gumel yakan haura 40. Ke nan na'urar sanyaya wuri ba za ta huta ba, kuma daga cikin wutar rumbun za ta ci. Ƙurar hunturu takan toshe matatun iska ta kuma rufe fuskar faifan sola, sai an riƙa wankewa, a ƙasar da ruwa ke da wuya. Ga kuma gobara. A watan Janairu na 2025 babban rumbun Moss Landing na Kalifoniya a Amurka ya kama da wuta, har aka kwashe fiye da mutum dubu daga gidajensu. Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi ya sa yanzu aka fi karkata ga nau'in batirin da ake haɗa litiyam da ƙarfe da sinadarin fosfet, wanda bai cika saurin kamawa ba, ana kuma ba da tazara tsakanin kwantena da kwantena. Daga ƙarshe, batir yana tsufa, cikinsa yana raguwa shekara bayan shekara. Idan ba a riƙa ware kuɗin sauya shi tun daga ranar farko ba, ba a kuma horar da 'ya'yan yankin su iya gyara ba, wata rana za a wayi gari da kwantenoni a kulle. Ba a fafe gora ranar tafiya.

KAMMALAWA

A wannan maƙala an yi bayanin halin wutar lantarki, da yadda manyan batura ke adana ta, da wuraren da aka gwada su, sa'an nan aka bi matakai shida da aiki irin wannan zai bi kafin ya tsaya da ƙafafunsa a ƙasar Gumel. An ga cewa sayen batura shi ne ɓangare mafi sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne samar da wutar da za ta cika su, da filin da aka samu da yardar masu shi, da mai sayen da zai biya, da masu kulawar da ba za su yi sakaci ba.

Dattawan ƙasar Gumel da suka ga farin 1973 sun san cewa gidan da ya tsira shi ne wanda ke da rumbun tsimi, kuma rumbun tsimi ba ya cika sai an yi noma ya wuce ci. Saboda haka duk ranar da aka zo wa jama'ar wannan ƙasa da albishirin rumbun lantarki, ya kamata masu ilminsu su yi tambayoyi huɗu: mene ne faɗin bakinsa, mene ne zurfin cikinsa, daga ina za a cika shi, kuma wa zai biya kuɗin kula da shi bayan an watse daga bikin buɗewa? Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta nuna ko mai walda a Maigatari da mai injin niƙa a Sule Tankarkar za su amfana, ko kuwa rumbu ne za a gina a gonar da ba a shuka ba.